Birkin da Bai Yi Zafi Ba

Ranar da ya fara ganinta, ko kallonsa ba ta yi ba. Akwatin ta kalla.

Kwana uku ya yi a kan babur kafin ya iso ɗan asibitin da ke ƙarshen hanya, can saman duwatsu inda kwalta ta daɗe da haƙura. Aikinsa ke nan. Duk wata yakan ɗaure akwatin allurar rigakafi a bayan babur, ya bi ƙananan asibitoci bakwai yana sauke musu rabonsu, yana canza ƙanƙara a firij ɗin kowanne. Saboda akwatin ne ake ce masa Mai Sanyi, ko da yake masu tsokana sun ce halinsa aka duba, don mutum ne da za ka taka masa ƙafa ya ba ka haƙuri.

Sabuwar nas ɗin ta fito da sauri, ta kwance igiya, ta buɗe murfi, ta zaro ma'aunin sanyi ta ɗaga shi saitin haske. Sai da ta gamsu sannan ta ɗago, ta ga mutum tsaye jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, haƙoransa suna haɗuwa.

"Au," ta ce, "ashe da mutum a jikin akwatin."

"Da mutum, Sista. Shi ma sanyin ya kama shi yadda ake so."

Dariya ta kufce mata, ta yi saurin rufe baki da bayan hannu. Ta shiga ciki ta kawo masa shayi a kofin roba. Ya riƙe kofin da hannu biyu ya daɗe bai sha ba, ba don zafi ba, don ya manta rabon da wani ya miƙo masa abu ba tare da ya tambaya ba.

A gari, ɗaki ɗaya gare shi a bayan ma'ajiyar magunguna. Katifa, risho, ƙusa uku a bango, sai babur da yake shigarwa ciki ya kwana kusa da ƙofa. Iyayensa suna wani gari mai nisa, kawunsa kaɗai ke kusa. A kan hanya kuwa, abokin hirarsa hular kwano ce. A cikinta yake waƙa, a cikinta yake faɗa da kansa, a cikinta yake yaba abin da ya gani. Kuma akwai abin gani: hanya tana nannaɗe da dutse kamar zare a jikin ƙwarya, ruwa yana zubowa fari fat daga sama, gajimare yana kwance a ƙasan ƙafarka da safe. Sai dai kyan wuri yana da nauyi idan babu wanda za ka ce wa "duba can".

Wuri ɗaya ake samun sabis a tsakiyar duwatsun, wani tudu mai bishiya guda da iska ta lanƙwasa. A nan ya tsaya a hanyar komawa, ya cire safar hannu, ya rubuta ya goge har sau huɗu, sannan ya tura wa lambar asibitin:

"Sista, na wuce rabin hanya lafiya. Shayin nan ya raka ni har nan."

Amsar ba ta same shi ba sai washegari, don ita ma sai ta hau kan dakalin tankin ruwa take samun sabis:

"Sannu da hanya. Wannan ce lambata. Wata mai zuwa ka zo da safa mai kauri, na ga yatsunka."

Ya karanta ya fi a ƙirga. Mutumin da ke sayar masa da mai ya tambaye shi ko an ƙara masa albashi ne.

Daga nan wata ya daina yi masa tsawo, sai kwana ukun hanya suka koma kamar shekara. Ya sa mata suna Ƙarshen Hanya. Ta ce sunan bai yi daɗi ba, amma ranar da ya kira ta Sista a saƙo sai ta tambaya ko ta yi laifi ne.

"Ƙarshen Hanyata, yau na ga tsuntsaye biyu a kan gada sun ƙi tashi har na kashe babur. Na ce bari in ba ki labari kafin ya huce."

"Mai Sanyina, labarinka ya iso da ɗuminsa. Ka ci abinci kuwa, ko tsuntsayen ka tsaya kallo?"

Zuwansa na shida, bayan an sallami mata masu awo, suka zauna a kan benci bayan asibiti, tsohuwar ungozomar da suke aiki tare tana shanya zanen gado can gefe tana yin kamar kurma.

"Ina so in turo kawuna wurin Baba," ya ce, idonsa a kan takalminsa.

Ta kau da kai tana kallon zanen gadon da ke kan igiya.

"Ba ki so?"

"Ina so," ta ce a hankali. "Wallahi ina so, har tsoron yadda nake so nake ji. Amma akwai abin da ban faɗa maka ba. Babana tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana bin hanyar nan. Mu biyu ya haifa. Yayana a kan babur ya rasu, shekara takwas ke nan. Tun ranar Baba ya ajiye tuƙi, ko ƙarar babur ya ji a layinmu sai ya tashi ya rufe taga."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ka turo ɗin. Amma kada ka ce ban faɗa maka ba."

Kawu ya je. Tsohon Direba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce:

"Na bincika yaronku, ban ji wanda ya faɗi aibinsa ba. Amma na ba hanyar nan ɗa guda, ba zan ƙara mata da siriki ba. 'Yata ba za ta zauna tana zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara ba."

Kawu ya ce yaron zai iya neman wani aikin.

"Ya sauka wa zai kai wa yaran mutane allura? Kuma wanda ya saba da babur, ko ya sauka, zuciyarsa tana kai. Ku yi haƙuri."

Bayan kwana biyar saƙonta ya shigo:

"Mai Sanyina, Baba ya yi kuka a waya. Ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar Yaya. Ni kaɗai na rage masa tun rasuwar Mama. Ba zan iya ba. Ka yafe mini, kada ka sake rubuto mini."

Bai sake ba. Shi mutum ne mai jin magana, har wadda ba a so ya ji.

Wata huɗu ya yi yana hawa yana sauka. Idan ya isa ƙarshen hanya, ungozoma ce ke fitowa ta karɓi akwati, ta auna, ta sa hannu a takarda tana kallonsa da tausayi. Wani zuwan yakan hango farin takalmin Sista a ƙarƙashin labulen ɗakin haihuwa, tsaye cak, ba ya gaba ba ya baya. Sai ya ja igiyarsa ya ɗaure akwati ya juya. A tudun mai bishiya ya ci gaba da tsayawa, ya ciro waya ya duba, ya mayar. Waƙar cikin hula ma ta ɗauke.

A gari kuma labari ya same shi, don labarin da zai ƙona rai ba ya ɓatan hanya. Wai manajan wani kamfanin sufuri, mai mota fara da agogo mai ƙyalli, ya mayar da gidan Tsohon Direba wurin zuwansa, kuma tsohon yana sakin fuska. Mai Sanyi ya ce Allah ya sanya alheri. Ranar bai iya cin komai ba.

Sai damina ta kankama. Aka kwana uku ana ruwa, ƙasa ta zaftare ta rufe hanya a wurare biyu, ƙarfen sabis ya faɗi. Kwana tara babu wanda ya ji ɗuriyar asibitin ƙarshen hanya.

Da safiyar kwana na goma yana ɗaure akwati a ƙofar ma'ajiya, ya ji an yi sallama. Dogon tsoho ne, mai faɗin kafaɗa, idanunsa jajur don rashin barci. Bai taɓa ganinsa ba, amma ya gane goshin.

"Kai ne Mai Sanyi?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya. Manaja ya kai ni da mota har inda ƙasa ta rufe hanya, muka juyo. An ce babur yana raɓawa ta gefe." Ya gyara tsayuwa. "Ina so in ga 'yata."

Mai Sanyi ya matsar da akwatin baya kan ƙarfen kaya, ya shiga ɗaki ya ɗauko hula ta biyu da rigar ruwa. Tsohon ya daɗe yana kallon babur ɗin kafin ya ɗaga ƙafa.

Duk wanda ya taɓa goya direban babbar mota a babur ya san wahala. Idan an zo kwana, maimakon ya kwanto tare da kai, sai ya sandare ya karkata ɗaya gefen. Ƙafarsa ta dama kuwa ba ta daina taka birkin da babu shi ba. Mai Sanyi ya yi ta kokawa da kan babur har kafaɗunsa suka yi tsami, amma bai iya buɗe baki ya gyara wa tsohon zama ba. A wurin zaftarewar farko suka sauka, ya tura babur ta ɗan siririn gefen da ya rage, tsohon yana riƙe da akwati ta baya. Yini guda, maganarsu ba ta wuce "sannu" da "yauwa" ba.

Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan tafiya ba. Da yana shi kaɗai, aƙalla yana da hularsa. Yanzu ga mutum manne a bayansa, yana jin numfashinsa, kuma ya san yana kai shi ne ya ga matar wani.

Rana ta biyu da la'asar suka iso bakin babbar gangara, wadda ke sauka daga kan dutse zuwa kwari, kwana-kwana har goma sha tara a jere, dutse a hagu, rami a dama. Rana ta karkata, hasken ya kwanta a kan ciyawa, ƙoramar da ke ƙasa tana walƙiya. A asibiti na biyar da suka baro an ce musu kwana biyu da suka wuce wani ya sauko yana cewa zazzaɓi ya kwantar da ma'aikaciya ɗaya a can sama, bai san wacce ba. Tun daga nan tsohon ya kasa zama daidai.

Mai Sanyi ya rage gudu, ya mayar da babur giya ta biyu. Injin ya hau gurnani, suka fara sauka kamar masu tafiya a ƙasa.

"Kai," tsohon ya ce ta bayan kunnensa, "sake shi mana. Gangara ce, ka bar shi ya tafi, ka riƙe da birki. In mun yi sauri za mu kwana kusa."

"Ka yi haƙuri, Baba."

Suka sha kwana uku.

"Ba ka ji abin da aka ce ba ne? 'Yata tana can kwance, kai kana jan jiki kamar mai tallan ƙwai."

Mai Sanyi ma ya ji abin da aka ce, kuma tun da ya ji hannunsa ke ƙaiƙayin murɗa totur. Ga shi wannan ne mutum ɗaya a duniya da yake so ya burge.

"Baba, ko'ina ka ce in yi gudu zan yi. Ban da nan."

Daga kwana ta goma sha ɗaya hannuwan tsohon suka damƙi rigar Mai Sanyi, har suka wuce ta goma sha biyu. Bai sake ba sai da taya ta taɓa gadar da ke ƙasa.

"Tsaya."

Ya tsaya. Tsohon ya sauka da ƙyar, ya cire hula, ya zagaya bayan babur. Mai Sanyi ya sha jinin jikinsa, ya ɗauka faɗa za a rufe shi da shi. Sai ya ga tsohon ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen birkin baya. Ya bar shi a wurin. Ya matsa ya taɓa na gaba. Ya dawo na baya ya sake dafawa, ya daɗe.

"Akwai matsala ne, Baba?"

"Babu." Tsohon ya ɗago. "Ɗumi kawai ya yi. Wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Na ga in na dogara da birki tun daga sama, kafin in kai tsakiya ya yi zafi ya daina kamawa. Sai na bar injin ya riƙe ni."

Tsohon ya zauna a kan bakin gadar, hula a cinyarsa, yana kallon ruwa.

"Ranar ina gaba da kaya, ɗana yana bayana a babur. A saman can ya wuce ni, ya ɗago mini hannu yana dariya. Na iso kwana ta goma sha biyu na ga babur a kwance." Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana dubawa. "Ka san halin direba. Kafin ma in san me nake yi, na taɓa birkin. Sai da ya saɓule mini fata. Direbobi sun fi arba'in da na koya wa sauka a gangarar nan, ina zaginsu, ina taɓa musu birki a ƙasa in ga wanda ya ji magana. Ɗana ban koya masa ba. Na ɗauka babur abin wasa ne, ba ya buƙatar ilimi."

Mai Sanyi ya tsuguna a gefensa.

"Shekara takwas ina zagin babur," tsohon ya ce. "Ya fi mini sauƙi. Yau kuma da bakina na ce ka sake shi."

Da suka tashi tafiya, a kwanar farko Mai Sanyi ya ji nauyin da ke bayansa ya kwanto tare da shi.

Washegari da hantsi suka isa. Sista ce ta fito jin ƙarar babur, ta rame, amma a kan ƙafarta take. Ungozoma ce ta yi zazzaɓin, ita ma ta warware, tana zaune a baranda cikin bargo. Sista ta tsaya turus tana kallon mutumin da ke saukowa daga bayan babur. Da ya cire hula sai ta saki kwanon da ke hannunta.

"Baba? A kan babur?"

Ta ruga ta faɗa jikinsa tana kuka, yana bubbuga bayanta yana cewa ya isa. Mai Sanyi ya juya ya hau kwance igiyar akwati, igiyar da ya saba kwancewa ido rufe, yau ta ƙi kwantuwa.

Sai ya ji ta a kusa da shi.

"Ka rame," ta ce.

"Ke ma. Ina taya ki murna, Sista. Na ji labarin Manaja."

"Wane Manaja? Wata uku ke nan da na ba shi haƙuri."

"Shi ya sa ta ƙi saukowa hutu," tsohon ya ce daga inda ya zauna a kan benci. "Ba ta yi mini musu ba, ba ta kuma yi mini dariya ba. Ta bar ni da gida kamar kango." Ya yafito ta da hannu. "Zo nan, uwata. Na ce ba zan ba mai babur ke ba, kuma a kan kuskure na faɗa. Yaron nan na gwada shi ban sani ba. Da giya yake sauka tun daga sama har ƙasa."

Ungozoma ta yaye bargo ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi. Giya kuma? Yaro shiru-shiru haka? Kuma da bakinka kake yabo?"

Tsohon ya dube ta, ya dubi Mai Sanyi, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe a rufe, har da tari. Sista tana dariya tana share hawaye tana yi wa tsohuwar bayanin giyar inji. Ungozoma ta ce ita dai a bar faɗa a gaban mutane.

Da yamma, a kan bencin bayan asibiti, ta ce masa, "Na ce kada ka rubuto, sai ka ƙi rubutowa?"

"Ke kika ce."

"Kullum sai na hau tankin nan, Mai Sanyina. Har ranar da babu sabis."

"Ni ma kullum sai na tsaya a tudu, Ƙarshen Hanyata."

Bayan damina aka ɗaura aure, ba hayaniya, 'yan uwa da abokan aiki. Har Manaja ya zo ya yi musu fatan alheri, don shi ma ba mugun mutum ba ne. An ba su ɗaki biyu a jikin asibitin can sama, kuma mota ta riga ta tafi da kaya. Kowa ya ɗauka amarya mota za ta bi. Ita ta ce a bayan mijinta za ta hau.

Da safen tafiya, a ƙofar gida, ta ɗauki hular kwano tana laluben maɗaurin. Tsohon ya matso ya karɓa. Shi ya ɗora mata a kai, ya gyara mata mayafi ta ciki, ya ja maɗaurin ƙarƙashin haɓarta. Sai a karo na uku maɗaurin ya shiga. Ya sa yatsa ya gwada ko ya matse ta.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana. Ya kai ku lafiya, ya dawo mini da ku lafiya." Ya juya ga ango. "Ga ta nan. Ita ke nan gare ni."

"Na riƙe, Baba."

Babur ya tashi, ta zagaya hannuwanta ta riƙe mijinta. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana tsaye a tsakiyar layi, hannunsa a sama. Sun daɗe da shan kwana bai sauke ba, ya karkata kai yana sauraron ƙarar har ta ɓace.